Gwanayen Goro na Zangon Kumasi

Goro kaya ne mai rai, kuma duk wahalar cinikinsa daga nan ta taso. Gishiri ko kanwa sai ka ɗaure ka jingine, ka shekara ka dawo ka tarar da abinka yadda ka bar shi. Goro kuwa yana numfashi a cikin huhu, yana gumi, yana jin zafi, yana jin iska. In ka bar shi a buɗe ya bushe ya ƙanƙance, ba mai taya shi. In ka cika masa ruwa ya yi funfuna ya ruɓe, ko ya soma tsiro. In sankara ta kama ƙwaya ɗaya ba a lura ba, kafin wata ya kewayo ta bi kwandon gaba ɗaya. Saboda haka mutumin da zai ɗauko wannan kaya daga kurmin Asante, ya riƙe shi wata da watanni, ya kai shi Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana nan da ɗanyantakarsa da ƙaras-ƙaras ɗinsa a baki, wannan mutum gwani ne, kuma ya cancanci a tsaya a dubi yadda yake yi.

Ba yau aka san haka ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa goron da ke shigowa birnin ya haura kayan jaki 500 a shekara, kuma kowane kaya ana sayar da shi wajen wuri 200,000. Amma ya gindaya sharaɗi: in kayan ya iso lafiya, domin ya lura goro abu ne mai saurin lalacewa. Duk arzikin fataken Gwanja a kan wannan sharaɗi ya rataya.

A jami'o'in duniya yau akwai fanni sukutum da ke nazarin yadda kamfani zai tabbatar da ingancin abin da yake sayarwa, da yadda tsarin gudanarwa ke ɗaga ma'aikata ko ya durƙusar da ita. In ka tace dubban takardun da aka rubuta, tambayoyin ba su da yawa. Ta ina aibi ke shiga kaya? Wa ke fara ganinsa, kuma yaushe? In an gan shi, wa ke ɗaukar asara? Ra'ayina shi ne dattawan goro na unguwannin Kumasi irin su Aboabo da Alabar da Sabon Zango da Asawase sun daɗe da amsa waɗannan tambayoyi da hannuwansu, kuma amsarsu ba ta gaza ta kowa ba.

Aikin gwani tun daga gindin bishiya yake farawa, ko da bai taɓa dasa ko ɗaya ba. Babbar kakar goro tana kamawa daga wajen Oktoba zuwa Disamba, sai wata ƙarama a tsakiyar shekara. Ƙwaron da ke jawo sankara yakan yi ƙwai ne a kwasfar da ta faɗo ƙasa ta tsage ko ta ji rauni, tsutsar ta shige cikin ƙwayar ta zauna tana ci daga ciki, daga waje kuwa goron sumul. Don haka goron da aka sassabo da ƙugiya daga sama da zarar ya nuna, da wanda aka tsinta a ƙasa bayan ya kwana biyu, ba ɗaya ba ne, ko da a ido sun yi kama. Gwani ya san wane ƙauye ake tsinkowa, wane ake tsinta. Ya san wace mata ce ke jiƙa goronta daidai lokaci har farin ɓawon nan ya saki ta wanke shi tas, wace ce ke gaggawa ta kankare da wuƙa ta ji masa ciwo. Shi ya sa za ka ga ya manne wa mutane ƙalilan shekara da shekaru, yana ba su kuɗi tun kafin kaka, yana ƙin mai araha da bai sani ba.

W. Edwards Deming, Ba'amurken da ya je Japan a 1950 ya koyar da shugabannin masana'antunsu, har suka sa wa babbar lambar yabonsu ta inganci sunansa a 1951, cikin abin da ya fi nanatawa akwai abu biyu. Na farko, a daina dogara ga dubawar ƙarshe, a gyara tun inda aibi ke shiga. Na biyu, a daina sayen kayan aiki don araha kawai, a ƙulla doguwar hulɗa da mai kawowa wanda aka yarda da shi. Duk ɗan goron da ya ji wannan zai gyaɗa kai, domin abin da ubangidansa ya koya masa ke nan tun yana ɗaukar kwando.

Bayan wanki sai a zuba goron a kwandon da ba a shimfiɗa wa ganye ba, a bar shi 'yan kwanaki ya yi gumi, ruwan da ya yi masa yawa ya fita. Wanda ya ɗaure goro bai gama gumi ba ya ɗaure asara. Daga nan sai zaɓe, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya.

Na ga wani dattijo yana wannan aiki a wata rumfa a zango, da safe kafin rana ta yi zafi. Yana zaune a kan buhu ya miƙe ƙafa, kwando a gabansa, wasu ƙanana a kewaye da shi. Hannunsa na dama yana ɗauka, babban yatsa ya shafa, ya juya, ya jefa inda ya dace, idonsa ma rabi yana kan masu wucewa yana amsa gaisuwa. Yaronsa na gefe yana nasa zaɓen. Can sai dattijon ya ce, "Ɗana, miƙo mini wancan da ka jefa yanzu."

Yaron ya ɗauko ya duba. "Baba, ai lafiyarsa ƙalau."

"Riƙe shi a tafinka. Ka ji nauyinsa?"

Yaron ya ɗan jinjina, ya yi shiru. Dattijon ya karɓa, ya nuna masa wani ɗan ɗigo baƙi kusa da tsagar, wanda ni da nake tsaye ban gani ba sai da aka nuna. Ya sa farce ya ɓare goron. Ciki duk ya zama gari mai ruwan ƙasa, ga 'yar farar tsutsa a naɗe. Bai yi faɗa ba. Tambaya ya yi: wannan kwandon na wa ne, ranar wace kasuwa ya shigo? Da aka gaya masa sai ya ce a sauko da duk sauran kwandunan da suka zo tare da shi, a buɗe su yau, kada a haɗa su da na kowa.

Wannan umarni na ƙarshe shi ya fi burge ni. Gano ƙwaya ɗaya mai sankara aikin ido da hannu ne, ana samunsa da daɗewa. Amma a ɗauki ƙwayar nan a matsayin labari game da inda ta fito, a bi sawunta, a killace 'yan uwanta kafin su shafi sauran, wannan tunani ne na tsari. Manyan kamfanoni suna kashe maƙudan kuɗi kan lambobi da kwamfuta don su iya bin sawun kaya haka. Ƙa'idojin ISO 9000 da aka fara fitarwa a 1987 sun ba wannan batu muhimmanci. A masana'antar Toyota an ba kowane ma'aikaci ikon ya ja igiya ya tsayar da layin haɗa mota in ya ga aibi, don kada aibin ya wuce gaba. Dattijon nan ya tsayar da nasa layin da jimla ɗaya, kuma yaron ya koyi darasin ba tare da an ci masa fuska ba.

Rabon goro aji-aji ma tsohon ilimi ne. Barth ya rubuta cewa a Kano ana kasa shi huɗu bisa girma: goriya, wadda ta fi kowanne, sai marsa, sai saran waga, sai minu, ƙananan. Har yau waɗannan sunaye ba su ɓace daga bakin 'yan goro ba. Ban da girma akwai launi, fari da ja, farin ya fi daraja a wajen biki da kyautar manya. Akwai farsa, wanda ya rabe biyu, ba ya ajiyuwa, sai a ware shi a sayar da wuri. Akwai kuma daushe, goron bara da aka riƙe har ya kwanta, ɗacinsa ya ragu, garɗinsa ya fito, masu ci suna biyansa da tsada. Daushe ba ya faruwa da kansa. Shaida ce cewa wani ya yi wata da watanni yana buɗewa, yana tsincewa, yana sauya ganye, bai gaji ba. Amfanin wannan rabo a fili yake: mai saye a Kano da mai sayarwa a Kumasi suna iya yin ciniki da kalma ɗaya ba tare da sun ga juna ba, domin in an ce marsa kowa ya san abin da zai tarar. Ƙirga ma haka, ƙwarya ɗari ce, ba a musu.

Sai ɗauri. Ana shimfiɗa ganyen fita a kwando, faffaɗan ganyen kurmi mai riƙe sanyi, a jera goron, a rufe da wani ganyen, a ɗaure tam. Ganyen ba ado ba ne. Shi ke tsare danshin da goron ke buƙata, ya kuma bar shi ya yi numfashi. In ya soma bushewa ko baƙi sai a sauya. Lokacin hunturu, da iskar arewa ta busa, a ƙara kauri a ɗan yayyafa ruwa. Da damina a rage. Nawa ne "ɗan"? Ba a rubuta ba, hannu ne ya sani. Mai riƙon goro kamar mai jego yake, ba ya nisa, ba ya barci mai nauyi. A zamanin ayari haka fatake ke yi a hanya: a sauka zango, a kwance waga daga bayan jaki, a buɗe, a tsince, a yayyafa, a mayar, ana tafe ana yi har tsawon watanni, ta Yandi da Sansanin Mango da ƙasar Bargu har a ƙetare Kwara. Yau babbar mota ce ke ɗauka, kwanakin sun ragu ƙwarai, amma zafin kwalta da tsaikon kan iyaka sun kawo nasu haɗarin, kuma mai lodi da ya san aikinsa ba ya danne huhun goro a ƙarƙashin kaya masu nauyi ko inda iska ba ta ratsawa.

Duk wannan gwaninta ta hannu ce. Akwai wata ta biyu da ta ɗaure ta, ita ce ta maigida, kuma a kanta ne masana suka fi yin rubutu.

Matsalar ita ce huhu a rufe yake. Mai saye ba zai iya ɓare kowace ƙwaya ba, kuma kowa ya san ana iya jera goriya a sama a cusa minu da farsa a ƙasa. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya nuna a 1970, da misalin kasuwar tsofaffin motoci, cewa in mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, sai ya ƙi biyan kuɗin mai kyau, masu kaya nagari su janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. To me ya hana kasuwar goro mutuwa haka? Maigida. Baƙo ya sauka a gidansa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kuɗi da kaya, ya haɗa shi da dillalinsa mai jin yaren Tonawa, wato Asante, wanda ya san farashin yau, ya tsaya masa in ana buƙatar lamuni. Abin da ke shiga gidan shi ne la'ada da alherin baƙo. Abin da ya jingina kuwa sunansa ne. In huhu ya isa arewa aka tarar da algus, ba manomin da ke can ƙauye za a ambata ba, gidan wane za a ce. Labari kuma yana riga mota isa. Baƙi su sauya masauki, dillalai su watse, gidan da ya yi shekaru yana cike ya koma kango. Shi ya sa maigida na ƙwarai ya gwammace ya biya asarar daga aljihunsa ya kira dillalinsa ɗaki su yi magana.

Addini ya ƙarfafa wannan. Kowane almajiri ya san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar a kan ɓoye aibi. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan zango ya ba mai saye damar mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Maigida da baƙonsa da dillali sahu ɗaya suke bi a masallaci, kuma wanda ya ci amana da hantsi zai haɗu da mai amanar da azahar.

Polly Hill, Baturiyar Ingila wadda daga baya ta zauna a Batagarawa ta rubuta littafi kan ƙauyen Hausa, ta wallafa nazari a 1966 kan wannan tsari na masu gida da dillalai, kuma Kumasi na cikin wuraren da ta duba, har da mahautanta. Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969, ya nuna yadda ake sayar da shanu bashi ga mahauta ba takarda ba kotu, maigida ne ke tsayawa, domin shi ya san wane mahauci ne ke biya wane ne ke gudu. Enid Schildkrout ta fitar da nata littafin kan mutanen zangon Kumasi a 1978, Paul Lovejoy kuma a 1980 ya bi tarihin ayarin goro da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Abin da na fahimta daga waɗannan ayyuka shi ne Hausawa ba su riƙe wannan ciniki don sun fi kowa jari ba. Sun riƙe shi ne don sun gina hanyar da labari da amana da bashi ke tafiya tsakanin garuruwa masu nisa da sauri, kuma kaya mai lalacewa ba abin da yake buƙata kamar wannan.

Tsarin ya sha gwaji. A da Asante ba sa barin fataken arewa su shiga kurmi, a Salaga ake haɗuwa. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 ƙarfin Salaga ya soma raguwa, yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kintampo da Kete Krachi da sauransu. Daga 1896, musamman bayan 1900, zangon Kumasi ya cika. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903, kuma Alhassan Ɗantata na cikin na farko da suka gane cewa goro zai iya bin teku zuwa Ikko, maimakon watanni a bayan jaki. Daga baya ƙasar Yarbawa, wajen Shagamu, ta shiga noman irin wannan goro sosai ta ƙwace babban rabo na kasuwar Najeriya. Sai dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, wadda ta raba gidaje da yawa da iyayen gidansu cikin makonni. Hanya ta sauya, abin hawa ya sauya, iyaka ta sauya, amma zaɓe da ganye da sunan maigida suna nan.

A nan Gana akwai abin kwatance a kusa. Koko yana da hukuma tun 1947, kuma tana da reshe na musamman da ke ɗibar samfur daga buhuna, a tsaga ƙwayoyi a duba cikinsu, a ba da aji, a buga hatimi. Wannan ne ya sa kokon Gana ke samun ƙarin farashi a kasuwar duniya. Goro bai taɓa samun irin wannan gata ba. Aikin da gwamnati ke yi wa koko da ma'aikata da hatimi, 'yan zango sun yi wa goro da kansu.

Ba na cewa ba abin da za a ƙara musu. Wani bincike da masana daga Japan da Gana suka yi a Suame Magazin, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna cewa ɗan gajeren horo kan abubuwa masu sauƙi, irin su rubuta shiga da fita, ya inganta yadda masu gareji ke tafiyar da aikinsu, ko da yake amfanin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Rubutu na da rana, kuma rashinsa ne babban raunin gidajen goro: lissafi a kai yake, in maigida ya faɗi sai magada su rasa wa ke bin wa. Amma wani gwajin da aka yi da teloli a Ankara, babban birnin Gana, aka wallafa a 2015, ya nuna ɗaya fuskar. An turo musu ƙwararrun masu ba da shawara, sun ɗauki sababbin dabarun na ɗan lokaci, ribarsu ba ta ƙaru ba, daga baya suka koma yadda suka saba. A ganina shawarar da ba ta san sana'a daga ciki ba ba ta kama ƙasa. Wanda zai gyara wa ɗan goro lissafi sai ya fara sanin abin da ya sa ake ware farsa.

Akwai abu ɗaya da ke damuna ƙwarai. Masu bincike a Najeriya sun sha ba da rahoton cewa wasu 'yan kasuwa na zuba wa goro magungunan ƙwari masu guba, irin su gamalin, don su huta da tsincewa. Sinadarin da ke cikin gamalin an sa shi cikin jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta hana tun 2009. Goro kuwa ɗanye ake ci, ba a dafawa, sau da yawa ko wankewa ba a yi, kuma tsofaffinmu ne suka fi cinsa. Wanda ya yi haka ya kashe ƙwaron, amma ya ɓoye aibin da ya fi sankara muni, wanda hannu ba ya ji, ido ba ya gani. Dattawan da ke zama su buɗe kwando ɗaya bayan ɗaya suna yin aikin da ya fi wuya ne don kada su kai ga wannan, kuma ya kamata mai saye ya san haka, ya tambayi inda goronsa ya fito, ya yarda ya biya bambancin.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah tana da makarantar koyon kasuwanci, kuma kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin digiri kan inganci da ƙwazon ma'aikatu, 'ya'yan zango na cikinsu. Daga ƙofar jami'ar zuwa Aboabo tafiyar mota ɗaya ce. Ina roƙonsu, da malaman da ke duba aikinsu, su ɗauki littafi da na'urar ɗaukar murya su je rumfunan goro, su gaida dattawa yadda ya kamata, su zauna a buhu su ga zaɓe da idonsu, su rubuta yawan kwanakin gumi da lokacin sauya ganye da yadda ake raba asara in kaya ya ɓaci. Su rubuta da Hausa tukuna kafin su juya zuwa Turanci, su kuma mayar wa masu ilimin kwafinsu. Masu wannan sani yawancinsu sun manyanta, kuma 'ya'yansu da dama sun kama wasu sana'o'i, don haka a yi aikin nan yanzu.